Dush a ware ko armuwar: wanne ya fi a makewayi mai mita 2,20 da 1,80?

Maman Nafisa, Lazare

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Za a sake gyaran makewayin cikin ɗaki a nan Yamai, gidan ƙasa ne ba bene ba. Tsawonsa mita 2,20, faɗinsa 1,80. Ƙofar santi 70 ce, ciki take buɗewa. Kujerar WC tana kusurwar dama ta bangon ƙarshe, ƙarƙashin taga, lababo na kusa da ƙofa, kan dush kuma yana tsakiyar bangon hagu, shi ya sa kowa ya yi wanka sai ƙasa ta jiƙe har bakin ƙofa. Za a fasa karo duka. Kusurwar hagu kaɗai ta rage: ko a ware wurin wanka a can, ko a sa armuwar mai faɗin santi 90 ta tawul, omo, jabel da sauran tarkace. Akwai dattijuwa da ke shiga wurin kullum. Wanne kuka ga ya fi?

Malam Isufu plombiye, Bukoki

Wa alaikumus salam Hajiya. A ware wurin wanka. Armuwar da aka ajiye inda ruwa ke fantsama kullum ba ta daɗewa: katakon MDF, wato na garin katako da aka matse, yana shan ruwa ta ƙafa, ya kumbura, fatarsa ta ɗaga, tawul ɗin ciki ya kama warin danshi. Sai an samu busasshen wuri tukuna ake maganar ajiya.

Tunda ƙasa ce, ana iya haƙawa, to a yi ginannen dush wanda ƙasarsa take daidai da ta makewayin. Kada a sayo irin akwatin roba mai ƙofar turawa. Ƙananan tayoyin ƙofarsa suna cin yashi su karye, samun irinsu kuma aiki ne.

A haƙa kusurwar kamar santi 12 zuwa 15 don sifon, wato mazurarin ƙasa da ruwan wanka ke bi ya fita, ya zauna. Tiyon fitar ruwa ya zama na roba, PVC mai faɗin milimita 50. Na 40 ma yana yi, amma gashi da kumfar sabulu sun fi saurin toshe shi. Gangaren tiyo santi 2 a kowace mita, gangaren ƙasar dush zuwa bakin sifon shi ma haka. Magini ya aza nibo, ma'aunin daidaito da gangare, ki gani da idonki, don nan ne aka fi yin kuskure: a yi gangare ya juya wajen ƙofa, ruwa ya riƙa kwanciya a kusurwa. Tiyon ya tafi ramin ruwan wanka, kada a haɗa shi da na 100 na WC, fos, wato ramin bayi, zai cika da wuri.

Kafin karo, a yi shafe da siminti mai maganin hana ruwa. In Sikalite ne, leda ɗaya ta kilo 1 ga buhun siminti mai kilo 50. A shafe ƙasa duka, bangon dush kuma har tsayin mita 2. In ya bushe a toshe sifon, a tare bakin wurin, a zuba ruwa santi 3 ko 4 a bar shi awa 24 zuwa 48. A duba ɗaya gefen bangon, wato ta cikin ɗaki. In an ga danshi, a gyara tun ba a manna karo ba. Wanda ya tsallake wannan gwajin, bayan damina ɗaya zai ga fentin ɗakin kwana yana ɓarewa daga ƙasa.

Kujerar WC kuwa a bar ta inda take. Matsar da tiyon 100 yana cin kuɗi sosai.

Baban Abdul, Tawa

Na yarda da Malam Isufu, sai dai 90 da 90 da aka saba yi ya yi ƙaranci a ƙasarmu. An auna shi ne don mai wanka a tsaye da ruwan da ba ya yankewa. Mu kuwa ranar da pompo ya ɗauke, bokiti ake shiga da shi, a tsuguna ko a zauna kan ƴar kujera. Ga buta, ga alwala. Ki ba shi faɗi 90, tsawo 120 ta bangon hagu. Saura mita ɗaya cif tsakaninsa da bangon ƙofa.

Ki lura da lissafin faɗin. In aka raba dush da WC da bulo mai kaurin santi 10, shafe da karo gefe biyu za su mai da shi kusan 15. Wato 180 a cire 90 a cire 15, saura 75 ga WC. Yana yi, amma a matse. Tsakiyar kujerar ya kamata ta nisanci bango da santi 35 zuwa 40 ta kowane gefe. A auna daga bakin tiyon da ke ƙasa kafin a aza bulo na farko, ba bayan an gina ba.

Tambayar da ba a yi ba ita ce inda ruwan ajiya zai zauna, alhali shi ne babban kaya a makewayinmu. Tano mai lita 200 faɗinsa ya kusa santi 60, ba shi da wuri a nan, a bar shi waje. Bido biyu masu lita 25 suna shiga ƙarƙashin lababo ko su jeru a bakin dush.

Saboda Inna, kada a yi dakali a bakin shiga, ko na santi 5 ne, ƙafa a jiƙe tana tuntuɓe da shi. A kafa ƙarfen riƙewa a tsayin santi 80 zuwa 90, a ɗaure shi cikin bulo sosai, ba a jikin karo kawai ba. A ƙara ƙaramin pompo a santi 50 daga ƙasa, na cika bokiti da wanke ƙafa. Mabuɗin dush a santi 110, kansa a mita 2 ko 2,10.

In ruwanku daga tankin kan rufi yake saukowa, kada ki sayi faffaɗan kan dush ɗin nan mai kamar faranti. Da bar ake auna ƙarfin ruwa, tsayin mita 10 ne ke ba da bar 1, tankin da ya ɗara kan dush da mita 3 bai wuce bar 0,3 ba, ruwa zai riƙa ɗiga ne kawai. Ƙaramin kai mai igiya ya fi, kuma da shi ake wanke bango.

Hajiya Rabi, Yantala

Ƙanwata, kayan da kika lissafa ba sa buƙatar santi 90 na ƙasa, bango suke so. Abu na farko, a juya ƙofar ta riƙa buɗewa waje. Kin samu kusan santi 70 da 70 a kyauta, kuma in dattijuwa ta zame ta faɗi a bayan ƙofa, ana iya buɗewa a kai mata ɗauki.

Ƙarƙashin lababo a yi ƙaramin kabad mai faɗin 60, zurfin 45. A rataye shi a bango, santi 20 zuwa 25 sama da ƙasa, don a riƙa tura ruwa ta ƙarƙashi lokacin wanki. In bido za a sa a nan, magini ya yi teburin siminti da karo, mai alminiyom ya sa masa ƙofofi; ba ruwansa da danshi, ba ruwansa da gara. Sama da lababo, madubi mai kabad a baya, zurfin santi 12 zuwa 15, ya ɗauke buroshi, man goge baki da turare. Sama da ƙofa akwai wurin da kowa ke mantawa da shi: kanta mai zurfin 30 tana ɗaukar takardar bayi da omo na wata guda. Jabel ma can sama, inda hannun yara ba ya kai. Duk abin da za a yi ya kasance mai murfi, in ba haka ba ƙurar hunturu za ta bi ta taga ta rufe komai.

Tawul biyu da ake amfani da su kawai za su zauna ciki, a kan ƙarfe. Sauran, armuwar ɗaki ce wurinsu. Magunguna ma haka, zafi da danshi suna lalata su.

Maman Nafisa, Lazare

Allah ya saka da alheri, na fahimta. To wajen rabawar, gilashi ko bulo ko labule? Kuma an ce ana iya faffake bango a yi ɗan lungun ajiye sabulu, ba ya raunana gini?

Malam Isufu plombiye, Bukoki

Hajiya, a wurin nan bulo zan zaɓa, amma rabi: tsayin santi 120 daga ƙasa, sama a ɗora gilashi ko a bari haka, don hasken tagar ya isa dush. Gilashi tsaye daga ƙasa zai ba WC ƙarin santi 14, amma dole ya zama na musamman ɗin nan mai kaurin milimita 8, wanda in ya fashe yake zama tsakuwa-tsakuwa. Shi ba a yanka shi ko huda shi bayan an gasa, sai an gama karo a auna a yi oda. Gilashin taga kada ya kusanci wurin wanka. Bakin shiga kuwa labule ya isa, a bar santi 60 zuwa 70.

Lungun sabulu, a cikin sabon rabin bangon ya fi sauƙi, a bar gurbinsa tun ana gini: faɗi 30, tsayi 30, zurfi 8 zuwa 10. In tsohon bango za a faffake, ya zama bulo na 15 ko 20, a nisanci ginshiƙi da layin da waya ko tiyo suka bi. Ƙasan lungun a ɗan karkata shi waje, in ba haka ba ruwa ya kwanta sabulu ya narke.

A ƙasar dush a sa ƙaramin karo mai kaushi, 10 da 10 ko 20 da 20. Babban nan na 60 mai sheƙi ba ya bin gangare, da kumfa kuma santsi ne da shi. In kin je kasuwar Katako ki jiƙa yatsa ki goga a kansa kafin ki biya. Sifon ki ɗauki mai kwandon da ake cirewa a wanke, wanda ke riƙe ruwa kamar santi 5. A zafin Afrilu da Mayu, in an yi tafiya aka bar wurin ba wanka, ruwan nan yana ƙafewa, wari da kyankyasai su hauro ta tiyo. Kafin a rufe gida a cika shi, a ɗiga cokali ɗaya na man girki a kai, a aza murfi.