Layin fosfo-ERK ya ƙi fitowa a samfurin hantar akuya

Ɗalibi_Ringim:
Assalamu alaikum malamaina. Ina westan bulot (gwajin da ake ware furotin a jel, a kwashe su kan takarda ta musamman, a gano wanda ake nema da antibodi, wato furotin da ke manne masa, ya fito a matsayin layi) a kan hantar awaki da nake karɓowa wajen mahauta a wata kasuwar ƙauye, tafiyar awa biyu a mashin kafin in iso ɗakin gwaji. Antibodin jimillar ERK1/2 (furotin mai isar da saƙo a cikin ƙwayar halitta) yana ba ni layi biyu tsaf, a nauyin 44 da 42 kDa. Na fosfo-ERK (ERK da fosfet ke manne masa a gurbin Thr202/Tyr204) kuwa shiru, sai dusu-dusu. Madarar gari kashi 5 nake toshe takardar da ita don kada antibodin ya manne ko'ina, ina tsarma antibodin 1:1000. Ko ya lalace ne?

Malam_Benci:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka ɗora wa antibodin laifi tukuna, awa biyun nan nake zargi. Wuƙa na sauka jini ya tsaya, amma fosfatez na cikin naman bai tsaya ba, yana ta cire fosfet daga jikin furotin. ERK ɗin yana nan, shi ya sa kake ganinsa. Fosfet ɗin ne ya tafi, kuma kulan ƙanƙara rage gudun abin kawai take yi.

Ka tafi kasuwar da bafar RIPA mai sanyi (ruwan da ke fito da furotin daga nama), da sodiyom otobanadet 1 mM, sodiyom fulorayid 10 mM (masu hana fosfatez aiki), da maganin hana furotiyez mai cinye furotin. Ana farke cikin akuyar ka yanki kamar ƙwayar wake, ka niƙa nan take a kan ƙanƙara. Ka ware kaɗan don auna furotin, sauran ka zuba masa bafar Laemmli (ruwan da ake dafa samfur a ciki kafin a loda shi a jel), ka tsoma bututun a tafasasshen ruwa minti biyar. Ko kurfotin mai shayi ya isa. Da ya dahu, fosfatez ya mutu.

Hajiya_Biochem:
Gaskiyar Malam ce. Sannan ƙanena, ka bar madarar nan. Kasin da ke cikinta shi ma furotin ne mai fosfet, yana iya jawo dusu-dusun. Ka koma BSA (furotin jinin shanu) kashi 5 a cikin bafar TBST marar fosfet, ba bafar PBS mai fosfet ba. Ka loda 30 µg na furotin a kowane ramin jel, antibodin ya kwana a digiri 4, ka wanke sau uku, minti biyar-biyar. Da fosfo ake farawa, sannan a kankare antibodin daga takardar a sa na jimilla. Kuma kada azayid (sinadarin hana lalacewa) ya kusanci antibodi na biyu mai manne wa na farko, yana kashe HRP, sinadarin da ke jikinsa mai sa layin ya fito.

Malam_Benci:
Na manta abu ɗaya. Ka nemi samfurin ƙwayoyin halitta da aka zuba wa EGF (furotin da ke sa ERK ya ɗauki fosfet) na minti biyar zuwa goma, ka loda shi a ramin gefe. In layin ya fito a nan, antibodinka lafiyarsa ƙalau. In bai fito ba, ka duba firiza: da ɗauke-ɗauken wutar nan, narkewa da sake daskarewa na cinye shi. Wanda ya zo da gilisarol kashi 50 ba ya daskarewa a digiri -20. Wanda ba shi da shi, ka raba shi 10 µl a ƙananan bututai.

Ɗalibi_Ringim:
Allah Ya saka da alheri. Ran kasuwa mai zuwa da bafar zan tafi, in sha Allah.