Highlander ko ML350: wacce za ta jure hanyar Abuja da zirga-zirgar Mangu?

Baban Sadiq, Jos

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota, musamman masu gyara da waɗanda suka daɗe suna riƙe da irin motocin da zan ambata. Ni ma'aikaci ne a Jos, mu shida ne a gida har da ni, kuma aiki yakan kai ni Abuja a kai a kai, sannan a ƙarshen mako nakan je wajen mahaifiyata a ƙasar Mangu, inda ba kasafai nake dawowa ba tare da buhun dankali ko na masara a bayan mota ba. Ƙaramar motar da nake hawa ta yi mana kaɗan, ga shi kuma da damina cikinta yana gogar ƙasa a hanyar da ta bar kwalta ta shiga ƙauyenmu.

Na ga motoci biyu tokumbo a wajen wani dillali: Toyota Highlander ta 2008 da Mercedes ML350 ta 2007. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne Marsandin, duk da kujerun fata da kyan gani, ta fi Toyotar araha. Wani abokina kuma ya ce in bar zancen jif gaba ɗaya in nemi wagon, ko Passat ko Avensis, saboda tsadar fetur. Ba na son in sayi motar da za ta mai da ni ɗan gidan bakanike, kuma ba na son in biya kuɗin suna kawai. Me kuke gani?

Malam Oga, Farin Gada

Wa alaikumus salam, Baban Sadiq. Gyaran mota ne sana'ata, don haka zan yi maka magana daga abin da ke shigowa gareji. Arahar da ka gani a Marsandin tana da dalili: kasuwa ta san kuɗin da za a kashe mata nan gaba, shi ya sa take rage shi tun daga farashin saye.

ML350 ta 2006 zuwa wajen 2008 tana ɗauke da injin M272, kuma da yawa daga cikin na shekarun farko suna da wata matsala sananniya: haƙoran wani ɗan giya da sarƙar taimin ke bi ta kansa sukan cinye kafin lokaci. Ƙarfen da kansa ƙarami ne, amma ba a kai gare shi sai an sauke injin gaba ɗaya, kuma ladan wannan aiki da kayansa zai iya cinye duk rarar da ka samu wajen saye. Giyabos ɗinta mai giya bakwai yana da wani faranti na lantarki a ciki wanda idan ya fara lalacewa sai motar ta maƙale a giya ɗaya, kuma ko an sa sabo sai an haɗa shi da motar ta kwamfuta. Sannan ka ɗaga shimfiɗar but ta gefen dama ka taɓa da hannunka. Ruwan sama yakan bi ta robar fitilar baya ya sauka a kan na'urar da ke sarrafa wutar bayan motar, kuma kai ka san irin ruwan da ake yi a Jos a watan Agusta. Idan ka ji danshi ko ka ga tsatsa a wurin, ka san akwai aikin waya a gabanka.

Ba ina cewa Highlander ba ta da laifi ba. Injinta na lita 3.5 yana aiki da sarƙa, ba bel ba, wanda ya bambanta ta da masu silinda shida na 2001 zuwa 2007 da ake canza wa bel bayan mil 90,000. Amma famfon ruwanta yakan yi yoyo, kuma a wasu na farko akwai wani bututun baƙin mai da aka yi wani ɓangarensa da roba, wanda yakan fashe ya zubar da mai cikin 'yan mintoci. Daga baya Toyota ta musanya shi da na ƙarfe zalla, don haka ka sa a duba maka wanne ne a jikin wadda ka gani. Bambancin shi ne, duk waɗannan ana samun kayansu a kasuwar Dilimi da ke Jos yau-yau, sabo ko na Beljiyam, kuma ko a Akwanga ko Keffi ta tsaya maka ba za ka rasa wanda ya san ta ba. Kayan ML kuwa sau da yawa sai an aika Apo a Abuja ko Ladipo a Legas, ka jira, wani lokaci a kawo ya ƙi dacewa a sake mayarwa.

Wani abu da nake roƙon duk mai bin Hawan Kibo, hawan dutsen da ke hanyar Jos zuwa Abuja: kada ka yarda wani ya cire maka tamostat, wato na'urar daidaita zafin inji, da sunan wai don ƙasar sanyi aka yi shi, kuma kada a riƙa zuba ruwan rijiya a lagireto. Ruwan banza yana cin injin aluminiyam daga ciki, ko na Jamus ne ko na Japan. Idan za ka sauka hawan kuma ka mai da giya ƙasa, kada ka ɗora nauyin mota da mutum shida a kan birki kaɗai.

Alhajin Kubwa, Abuja

Malam Oga ya faɗi gaskiya a kan injin shekarun farko, amma ina ganin bai yi wa motar Jamus cikakken adalci ba. Na daɗe ina hawan ML, kuma duk wanda ya yi tafiya mai nisa a cikinta ya san yadda take kama titi, yadda birkinta yake amsawa, da yadda mutum yake sauka ba tare da gajiya ta lanƙwasa masa baya ba. Toyota ba ta kai ta a nan ba, kuma masu Toyota na gaskiya ba sa musun haka.

Abin da ke kashe Marsandi a ƙasar nan yawanci riƙo ne. Injin nan yana cin baƙin mai kusan lita 8, kuma kamfanin ya ƙayyade irin man da za a zuba, mai lamba 229.5, alhali Highlander tana cin kimanin lita 6 kuma ta fi haƙuri da abin da aka ba ta. Mutum zai sayi motar, ranar sabis ta zo ya ga kuɗin man gaske ya yi masa yawa, sai ya sa a zuba masa na awo daga durom, bayan shekara ya zo yana zagin Jamusawa. Haka tayoyi: motar tana ja da ƙafa huɗu a koyaushe, saboda haka ba a sa mata tayoyi masu bambancin girma ko cinyewa, domin hakan yana wahalar da na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Ita kuma an tsara ta ne don fetur mai daraja ta sama, mu kuwa iri ɗaya ake sayarwa a gidajen manmu.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Tun da tuƙinmu ya koma hannun dama a 1972, motocin da ake hawa a cikin Japan, masu sitiyari a dama, ba su dace da hanyoyinmu ba. Yawancin jif ɗin da ke kasuwarmu daga Amurka da Kanada suke zuwa. ML ɗin da ka gani a jihar Alabama aka ƙera ta, kamar yadda ake ƙera BMW X5 a South Carolina, kuma tun 2009 ake haɗa Highlander a Indiana. Saboda haka tarihin motar a can ya fi tutar ƙasar kamfanin muhimmanci a gare ka. Da a Abuja kake zaune, inda masu kwamfutar Marsandi suke da yawa, da na ce ka nemi ta 2010 ko 2011 ka ji daɗinka. Amma mutumin da ke shiga ƙauye da iyali kowane mako, a gaskiya ba zan tura shi ga ta 2007 ba, kuma ka tuna kujerunta biyar ne, ku kuwa ku shida ne.

Maman Hanifa, Bukuru

Baban Sadiq, kada ku yi watsi da maganar abokinku da wuri. Mu Avensis wagon mai injin 1.8 muke da ita a gida, da ita ake kai yara makaranta, da ita nake ɗauko kayan shago, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 muke ƙara gode wa Allah da ba mu sayi mai silinda shida ba. But ɗinta yana da tsawo, kuma ya fi na Highlander fili nesa ba kusa ba idan aka ɗaga kujerun layi na uku, domin da zarar an ɗaga su abin da ya rage a baya ba zai ɗauki buhu biyu ba. Wannan ku gwada shi da idonku a wajen dillalin: ku ɗaga kujerun, ku buɗe baya, ku tuna da dankalin Hajiya.

Sai dai zan faɗi inda wagon ta gaza. Ƙasa-ƙasa take, Highlander kuwa tana da tazarar kusan santimita 20 daga ƙasa, kuma idan hanyar garinku irin wadda ruwa ke yanka ce, salansa da kaskon mai za su sha wahala. Ita ma mutum biyar take ɗauka. In har kun koma ga Avensis, ku guji mai injin 2.0 da aka rubuta wa D-4, domin masu gyara a nan ba sa jin daɗinsa da irin fetur ɗinmu. Passat ta 2006 zuwa sama kuwa lantarkinta yana da yawa, har birkin hannunta maɓalli ne. Ba irin tsohuwar Golf wagon da direbobin haya suka saba da ita ba ce.

Abu Ammar, Gwagwalada

Duk wadda ka zaɓa, kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka ɗauki lambar VIN, mai harafi da lamba 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka tabbatar ta yi daidai da ta jikin ƙofa da ta takardu. Da wannan lambar ake ciro tarihin motar, kuma sau da yawa har hotunanta na wurin gwanjo ake gani a intanet, ka ga ko hatsari ta yi ko ambaliya ce ta shanye ta. Motar ambaliya ita ce mafi haɗari, domin fenti da wanki suna ɓoye ta; ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka duba ko akwai shatin ruwa, ka leƙa ƙarfen ƙarƙashin kujeru. A ML batirin ma a ƙarƙashin kujerar gaba ta fasinja yake, don haka ruwa kaɗan ya isa ya yi ɓarna. Sannan ka kai takardun kwastan ofishinsu a tantance, domin tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa, kuma motar da ba a biya mata cikakken haraji ba ana iya kama ta a hanya ko bayan ka yi mata lamba. Bakanikenka za ka tafi da shi, ba na dillali ba, kuma da safe kafin a tayar da injin.

Baban Sadiq, Jos

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Maganar kujeru biyar ta cire ML da wagon daga lissafina, domin ba zan iya barin yaro ɗaya a gida duk ranar da za mu gai da Hajiya ba, kodayake maganar fetur da Maman Hanifa ta kawo tana nan a raina. Na karɓi lambar VIN ta Highlander ɗin ɗazu, kuma dillalin ya yarda in zo da bakanikena ranar Asabar da safe. Malam Oga, ina da sauran tambaya: na ji an ce daga 2009 akwai Highlander mai silinda huɗu, lita 2.7. Shin tana da ƙarfin hawa Hawan Kibo da mutum shida da kaya ba tare da ta wahala ba, ko kuwa ragin man da za ta yi mini bai kai in bar mai silinda shida ba?