Neman kalma: me za mu kira "conflict of interest" da Hausa?

1/ Jama'a, musamman masu fassara da malaman jami'a, ga aiki ya samu. A ƙarshen maƙalun da mujallun bincike ke bugawa akwai layin da marubuci ke faɗin ko yana da abin da Turawa ke kira conflict of interest. Mu har yau kowa da tasa fassarar.

2/ "Rikicin sha'awa" dai a ajiye shi gefe tun yanzu. Duk wanda ya ji haka zai ɗauka rigimar ma'aurata ce ta kai gaban alƙali.

3/ Mu ga abin tukuna kafin a raɗa masa suna. A 1998 mujallar The Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield, wani likita a Ingila, kan yara 12, wadda ta sa iyaye da yawa suka tsorata da rigakafin MMR, har da na ƙyanda a ciki. Abin da ba a gaya wa masu karatu ba shi ne, lauyan da ke shirin maka kamfanonin rigakafin a kotu yana biyan likitan kuɗi. Ɗan jarida Brian Deer ya tono zancen a 2004, mujallar ba ta janye maƙalar gaba ɗaya ba sai 2010.

Kafin nan, a 1967, masu bincike na jami'ar Harvard sun rubuta a New England Journal of Medicine suna ɗora wa kitse alhakin ciwon zuciya, suna sassauta wa sukari. Ashe ƙungiyar masu sana'ar sukari ce ta biya su wajen dala 6,500. Sai a 2016 asiri ya tonu. Mujallar ma sai a 1984 ta fara neman marubuta su bayyana irin wannan alaƙa.

4/ Irin waɗannan labarai ne ke sa wasu cewa a kira shi "son zuciya" ko "cin hanci" a wuce wurin. A nan na ƙi. Waɗannan hukunci ne, abin da muke nema wa suna kuwa hali ne da mutum ke samun kansa a ciki. Editan da aka miƙo masa maƙalar ɗalibinsa, mai tantancewar da aka ba aikin abokin gasarsa, mai binciken da ke da hannun jari a kamfanin maganin da yake gwadawa, duk suna ciki, ko da ba su karkata ko kaɗan ba. Laifin yana farawa ne daga ɓoyewa. Kuma mutum da hannunsa zai rubuta kalmar a kan kansa. Wane farfesa ne zai sa hannu a ƙarƙashin "ina da son zuciya"? Kowa sai ya ce ba shi da shi, fom ɗin ya tashi a banza.

5/ "Ruwa da tsaki" ta burge ni, amma gidajen rediyo sun riga sun ba ta wani aikin, kuma babu gargaɗi a cikinta. "Saɓanin maslaha" kuma kamar mutum biyu ne suka saɓa, alhali mutum ɗaya ne.

6/ Tawa shawarar: "karon muradi". Muradin faɗin gaskiyar bincike da muradin aljihu, ko na zumunci, ko na suna, sun yi karo a wurin mutum guda. Ku gwada ta a baki:

"Marubutan ba su da karon muradi a wannan aiki."
"Editan ya tsame hannunsa saboda karon muradi."

Ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma wanke kowa ba.

7/ Saura sunan takardar da ake cikewa. Fom ɗin kwamitin editocin mujallun likitanci, ICMJE, yana tambayar kuɗin tallafi, ladan lacca, hannun jari da makamantansu na watanni 36 da suka wuce, matuƙar suna da alaƙa da batun aikin, ko marubuci na ganin sun karkatar da shi ko a'a. Shi ya sa nake ganin "takardar bayyana alaƙa" ta fi dacewa da shi. Malamai, mai ja ya kawo tasa kalmar tare da jimlar da za a sa ta.