Yunwa ce ke tsayar da E. coli, ko ita ke tsayar da kanta?

Ɗan aji biyu: Salamu alaikum. Ni fa ban gamsu ba da maganar wai bakteriyar E. coli tana da tsari na daina haɗa RNA, sinadarin da take amfani da shi wajen ƙera furotin, idan amino asid, tubalin gina furotin, ya yanke mata. Wane tsari? Injin da mansa ya ƙare ai ba sai an kashe shi ba.

'Yar aji huɗu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba da amino asid ake gina RNA ba, da nukiliyotayid ne. Kuma sukari na nan cikin ruwan da take ciki, ƙarfinta bai ƙare ba.

Ɗan aji biyu: Yaya, ai abin da ke haɗa RNA ɗin furotin ne. Babu amino asid, babu furotin.

Malam: Da haka ne, da kowace ƙwaya aka hana sai ta tsaya. Amma tun shekarun 1950 Ernest Borek ya gamu da wani irin E. coli da ba ya iya haɗa metiyonin, ɗaya daga cikin amino asid. Aka hana shi metiyonin ɗin, ya ci gaba da tara RNA abinsa. A 1961 Gunther Stent da Sydney Brenner suka nuna bambancin daga wuri guda yake a ƙwayoyin gado, wanda yau ake kira relA. Yunwa iri ɗaya, wannan ta tsaya, waccan ta ƙi. Ƙari ma, ka zuba kuloramfenikol, maganin da ke toshe haɗa furotin gaba ɗaya, sai wadda ta tsaya ta koma haɗa RNA.

Ɗan aji biyu: Malam, wannan na ƙarshen ya ɗaure mini kai. To me ke gaya mata?

'Yar aji huɗu: tRNA, wato RNA mai dakon amino asid, shi ne ke shiga ribosom, injin ƙera furotin, hannu rabbana, RelA, furotin ɗin da relA ke samarwa, ya ji, ya haɗa wani ƙaramin sinadarin gargaɗi mai suna ppGpp. Shi ne ɗigon da masana Cashel da Gallant suka gani a kan farantin gwajinsu a 1969. Yana kama RNA polimares, furotin ɗin da ke haɗa RNA, sai haɗa rRNA (RNA na ribosom) da tRNA ya ja baya, ƙwayoyin gadon ƙera amino asid su tashi aiki. Ƙwayar da ƙarfinta ya ƙare ba za ta tada sabon aiki ba.

Mai digiri na biyu: Malam, a gafarce ni, kada mu ɗauki E. coli a matsayin duka bakteriya. A Bacillus subtilis ppGpp ba ya kama polimares kai tsaye. GTP yake ragewa, ɗaya daga cikin nukiliyotayid ɗin da ake gina RNA da su, kuma da GTP ake fara rubuta rRNA a can.

Ɗan aji biyu: Ka ji! Ashe dai a can kayan aiki ne ke ƙarewa.

Malam: Ita ta rage shi da kanta, ɗana. Cire mata abin da ke haɗa ppGpp, ka ga ko GTP zai sauka.