Kurtu yanzu, ko hafsa bayan digiri?

Jama'a, ina neman shawarar waɗanda suka san aikin soja ciki da bai. Matashi ne ɗan shekara 19, ya gama sakandare, burinsa gyaran injin jirgi a rundunar sojan sama. Ya shiga a kurtu yanzu, ko ya yi digiri ya nemi hafsa?

Ga inda gizo ke saƙar. Ƙaramin soja shi ke riƙe sifana, hannunsa a kan inji kullum. Amma ba lallai a ba shi sana'ar da ya zaɓa ba, sakamakon jarrabawa da gurbin da runduna ke buƙata ne ke yanke hukunci. Gwajin ido kaɗai, idan ba ya bambance ja da kore, na iya rufe masa wannan ƙofar. Kuma in ya sa hannu, fita kafin wa'adi da wuya. Hafsa ya fi albashi, sai dai aikinsa ya fi karkata ga jagorancin mutane.

Abin da ya fi damuna shi ne samun aiki bayan ya bar soja: hukumomin jiragen farar hula ba kullum suke karɓar horon soja kai tsaye ba. Wace shaidar aiki zai tara tun yana cikin kaki? Ana iya rubuta sana'ar cikin yarjejeniya kafin sa hannu?