Mai jiki da tseren kat: ku da kuka taɓa hawa, yaya kuka ƙare?

Na Tudun Wada: Salamu alaikum. Kilo 112 ne ni, ga tsawo. Da Sallar da ta wuce yara suka ja ni wajen hawan kat a Abuja, ƙananan motocin nan da cikinsu ke kusan shafar ƙasa. Na hau sau ɗaya, abin ya shige ni. Sai dai ɗan ƙanwata, wanda bai kai kilo 60 ba, ya riƙa wuce ni kamar ina tsaye. Masu jiki irina, ina mafita?

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam, yaya. Abin da ya same ka ya same ni. Kat ɗin haya yawanci injin Honda GX270 ko GX390 ne a jikinsa, dangin wanda manoman rani ke jan ruwa da shi a fadama. Ƙarfinsa bai wuce doki 9 zuwa 13 ba, kuma babu giya. Idan ka taka birki gudun ya mutu a kwana, kafin ya sake ɗaukar kilo 112 yaron ya yi nisa. Wata uku ina zargin injin, ashe ƙafata ce. Na koma taka birki da wuri, sau ɗaya, a miƙe, sannan na shiga kwanar da faɗi don kada gudun ya zube. Sitiyari kuma a hankali. Duk ƙarar da ka ji taya na yi, gudunka ne take ci.

Baban Yara, Sabon Gari: Ni kafin a kai ga maganar gudu, kujera ce ta fara ba ni kunya. A wani wurin haya na cusa kaina da ƙyar, gefenta ya datse min ƙugu, kunya ta hana ni cewa a sauya. Kat ba shi da shokozoba, duk wani karo jikinka ne ke shanye shi. Minti goma kacal na yi, amma washegari ko sujada da ƙyar, haƙarƙarin dama ya yi baƙi ƙirin. Uwargida ta gasa min da ruwan zafi tana dariya, wai tsoho da wasan yara. Malam, kafin ka biya kuɗi ka ce a bar ka ka zauna a ciki. Wasu wuraren suna ajiye mai faffaɗar kujera, sai ka tambaya. Ka kuma nemi rigar kare haƙarƙari. Babbar riga da jallabiya a bar su a gida, sarƙa da ƙarfen tayar baya suna dab da bayanka.

Injiniya, Kongo: Bari in ƙara a kan maganar Ɗan Samaru. Tayoyin bayan kat a kan ƙarfe ɗaya suke, tare suke juyawa. Shi ya sa kafin ya sha kwana da kyau sai tayar baya ta ciki ta ɗan ɗaga. Masu jiki da yawa suna karkata zuwa cikin kwana kamar a kan babur, sai su danne tayar da ya kamata ta saki, injin ya shaƙe. Ka zauna daram, ko ka ɗan jingina waje.

A tseren gaske kuwa, ba na haya ba, ana auna direba da motarsa tare. A gasar Rotax, kamfanin da ke ƙera injin kat, kowane aji da nauyinsa: ajin Senior Max ba ya sauka ƙasa da kilo 162, ajin DD2 kilo 175, DD2 Masters na 'yan shekara 32 zuwa sama kilo 180. Marasa nauyi dalma suke ɗaurewa a jikin kujera don su cika. Kai ba ka buƙatar dalma, Allah ya hore maka taka. In ka mallaki naka, ƙara haƙori biyu ko uku a faifan sarƙar baya yana taimaka wa tashi, ko da yake zai ɗan rage maka gudu a miƙaƙƙiyar hanya.

Hajiya, GRA: Ni kallo nake zuwa, maigida ke hawa, kuma ya fi ka jiki. Ranar da aka yi yayyafi shi ya zo na biyu, sirarun sai juyi suke a kwana. Har muka wuce Kaduna yana ba ni labari.

Ɗan Samaru: Hajiya ta faɗi gaskiya, a jiƙaƙƙen fili nauyi na danne taya.

Na Tudun Wada: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Injiniya, wannan karkatar laifina ne, babur ya saba min. Ƙarshen wata zan bi jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja in sake gwadawa. Baban Yara, rigar haƙarƙarin nan akwai mai shiga irinmu?

Baban Yara, Sabon Gari: Tawa XXL ce, aike na yi aka zo min da ita daga Dubai. Ka biyo ta shago bayan la'asar ka gwada, in ta zauna maka ka tafi da ita aro.