Gina gidan iyali a kan gangara ba tare da dogaro da janareta ba

Mai Fili: Assalamu alaikum. Ina da fili a gefen tudu a Mpape da ke Abuja, kuma gangarar ta yi tsanani, domin ƙarshen filin ya fi bakin hanya tudu da kusan mita 4. Magina sun ce a kawo katafila a baje shi kafin a sa harsashi. Burina shi ne gidan iyali wanda zai yi sanyi da kansa, kada kuɗina su ƙare wajen sayen man janareta. Wace shawara za ku ba ni?

Mai Zanen Gidaje: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ban goyi bayan baje filin ba, domin ƙasar da aka cike ba ta kai wadda aka tarar ƙarfi ba, kuma ita ce ke zama daga baya har bango ya tsage. Gara gidan ya bi gangarar hawa-hawa, a haɗa sassan da gajeriyar matakala. Sashen da ya jingina da tudu zai fi sanyi da rana, saboda zafin cikin ƙasa ba ya hawa da sauka kamar na iska. A juya dogayen bangwaye su fuskanci kudu da arewa, a rage tagogi ta gabas da yamma, musamman yamma, inda ranar la'asar ke gasa bango. Idan aka buɗe ƙananan tagogi a saman matakalar, iska mai zafi za ta riƙa fita ta can, mai sanyi kuma ta shigo daga ƙasa.

Tsohon Magini: Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ruwa ne babban abin tsoro, tunda daminar Abuja tana kaiwa daga Afrilu zuwa Oktoba. Katangar da za ta tare ƙasa tilas ta zama ta kankare da rodi, a shafe bayanta da kwalta, a zuba tsakuwa, a shimfiɗa bututu mai huje-huje a gindinta wanda zai kai ruwan zuwa magudana. In aka yi sakaci da wannan, ɗakin da ake yabon sanyinsa zai koma matattarar danshi. Kuma kada a fara haƙa sai an gwada ƙasar, injiniya mai rajista da COREN, wato hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ya sa hannu. Mutanen Mpape ba su manta da motsin ƙasa na Satumban 2018 ba.

Uwar Gida: Alhaji, a ajiye tankin ruwa a can saman filin, ruwa ya gangaro da kansa zuwa kicin da banɗaki, sai a riƙa cika shi da tsakar rana lokacin da sola ke da ƙarfi. A zaɓi kwano mai hasken launi, a sa abin tare zafi tsakaninsa da silin, a kuma bar bakin rufin ya fito sosai don ya yi wa tagogi inuwa.

Mai Fili: Na gode ƙwarai. Zan dakatar da maganar katafila, in fara da gwajin ƙasa.